Bankin da Ɗaga-Haɓa Ya Yi wa Gyara

Mijin yayata mai ɗaukar hoto ne, kuma tun kafin in yi wayo yake tsaye a gaban tsohon banki kamar tare aka gina su. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Ɗaga-Haɓa kowa ke ce masa, domin duk wanda ya tsaya gaban kyamararsa, ko jariri ne a hannun uwarsa, abin da zai fara ji ke nan: "Ɗaga haɓa! Ƙara ɗagawa! Yawwa, kamar kai ka gina wurin." Ni Mai Hoto nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama Tsiwa, saboda koyarwa na yi har na yi ritaya, tsiwar ce ya ce ba ta san ritaya ba. Mun fi shekara arba'in muna wannan tsokana, Yaya tana tsakiya tana rabon faɗan da ba faɗa ba.

Bankin ya girme mu duka. Wani kamfanin fatake na ƙetare ne ya gina shi a zamanin kakanninmu, tun titin gabansa bai san kwalta ba. Wanda ya zana shi, ga dukkan alamu, bai taɓa taka garin ba, don har murhun jin ɗumi ya sa a ofishin manaja, a garin da ko kare neman inuwa yake tun da hantsi. Ba a taɓa hura wuta a murhun ba. Kyanwar maigadi ce ke haihuwa a ciki duk shekara.

Amma fa gini ne, a faɗi gaskiya. Matattakalarsa ta farin dutse ce mai faɗi, tsakiyarta ta lotsa saboda takun jama'a. A kanta ginshiƙai ne farare sun jeru, kowanne mutum biyu ba sa rungume shi, an tsaga musu layi daga sama har ƙasa. Ƙofar ta katako ce mai nauyin tsiya, da mariƙin tagulla da masinja ke gogewa kowace safiya. Tagogin dogaye ne, da sandunan ƙarfe da aka lanƙwasa kansu kamar ganye. Cikin kuwa na fi Mai Hoto saninsa, don na sha bin layi a wurin lokacin ina koyarwa: daɓe baƙi da fari, doguwar kanta ta jan katako, fankoki suna reto a kan dogayen sanduna, suna juyawa a hankali kamar an yi musu dole. Ko tari ka yi sai ginin ya maimaita maka, kowa ya juyo ya kalle ka. Shi Mai Hoto ruwan sama kaɗai ke shigar da shi, shi ma a bakin ƙofa yake tsayawa yana rungume da kyamara.

Wurin tsayuwarsa ɗaya ne: ƙasan matattakala, ta hannun hagu. Ƙafafun kyamarar har 'yan ramuka suka haƙa a simintin, da safe sai dai ya zura su kawai. Bayansa kwata ce, bayan kwatar kuma titi, saboda haka ko ya so ja da baya babu inda zai ja, sai dai in yana so a ɗauki nasa hoton a asibiti.

Kayan aikinsa ban da kyamara su ne baƙar kwat guda, tabarau marar magani, jakar hannu ta fata wadda ya cusa wa tsofaffin jaridu don ta kumbura, da biro mai ruwan zinare da bai taɓa rubutu ba. Masu zuwa wurinsa yawanci waɗanda suka shigo gari neman aiki ne, suna son abin da za su aika gida hankalin uwa ya kwanta. Ɗan dako zai zo da gumi, ya zura kwat, ya riƙe jaka, ya dafa ginshiƙi. Mai Hoto zai sauke kyamarar ƙasa-ƙasa don mutum ya yi tsawo, ya saita ƙofar tagulla a bayan kafaɗarsa. Kafin ka ce kwabo ɗan dako ya zama manaja. Ƙa'idarsa ce ba ya barin gini ya yi yawa a hoto.

"In ka sa gini duka, mutum ya koma ƙuda," in ji shi. "Wa zai aika wa uwarsa ƙuda?"

Sauran aikin a gida yake yinsa, a ɗan ɗakin duhu da ya kewaye a bayan kicin, da fensir mai tsini da reza da ɗan buroshi. A nan ƙurji ke ɓacewa, giɓi ya cike, sanƙo ya tsiro gashi. Akwai wani direba mai ido ɗaya da ya karɓi hotonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko za a iya yi masa irin wannan a lasisi. Na taɓa ce masa, "Mai Hoto, kai dai ranar hisabi layinka daban ne."

"Malama Tsiwa, ni ba ƙarya nake ba, gyara nake," ya ce. "Allah Ya yi mutum da kyau, wahala ta ɓata, ni kuma in mayar. Ina laifin?"

Abu guda ne ya tsaya masa a rai duk tsawon shekarun nan, ko da yake da wasa yake faɗinsa. Hotunansa sun cika gidaje, a gari da ƙauye, a bango da ƙasan akwati, amma babu ko ɗaya mai ɗauke da sunansa. Ya taɓa sa an sassaƙa masa hatimi, ya buga a bayan hotuna na kwana biyu, masu hoton suka tayar masa da ƙayar baya. Wa zai yarda a juya hotonsa a gida a ga tambarin mai hoton bakin titi? Hatimin ya ƙare a hannun 'ya'yansa, suka bi bangon tsakar gida da shi. Masu shagon hoto, waɗanda ke da allo da suna da labule mai zanen jirgin sama, ba sa ma lissafa shi a cikinsu. In suna taro ba sa kiransa. Yakan yi dariya ya ce su suna da labule, shi yana da banki, amma Yaya ta ce ranar taron ba ya cin abincin kirki.

Daga baya bankin ya tashi ya koma wani ginin gilashi a sabuwar unguwa. Ofishin haraji ya shigo, ciniki ya faɗi warwas, don mutane har tsallaka titi suke kada a gan su kusa. Masu haraji suka tashi, aka mai da wurin ma'ajiyar kaya, daga nan aka garƙame shi, jemagu da tattabaru suka raba gado. Sai wani kamfani ya zo ya kafa ƙaton allon talla daga kan ginshiƙan har sama, ya rufe duk abin da ke can. Wata mata ce a jiki, riƙe da sabulu, haƙora waje. Kusan shekara ashirin tana yi wa garin dariya, rana ta ƙoɗar da ita a sake liƙa wata. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da haraji ya bari. Duk da haka Ɗaga-Haɓa bai motsa ba. Ya rataya farin ƙyalle a jikin ginshiƙi yana ɗaukar hoton fasfo, da na tsofaffin da ba su yarda da hoton da ba a riƙe shi a hannu ba.

Rannan aka wayi gari wani attajiri ya sayi wurin zai gina shaguna hawa-hawa. Aka kewaye bankin da kwano mai tsawo, katafila ta shiga ta baya. Ba a ganin komai sai ƙura. Da aka zo kan ginshiƙan, waɗanda duk garin ya rantse dutse ne sukutum da aka kawo a jirgin ruwa, sai ga jan bulo yana zubowa. Ashe shafe ne aka yi masa da fenti. Mai Hoto ya leƙa ta wata kafa a jikin kwanon ya gani, ya dawo gida yana murna kamar an yi masa albishir.

"Kin gani ko, Malama? Shi ma bankin gyara aka yi masa!"

Murnar ta baki ce, don Yaya ta ce kullum sai ya shirya da safe, ya rataya kyamara, ya kai bakin ƙofa sannan ya tuna babu bankin. Amma a bencin mai shayi ba ya nuna wa kowa. Da masu zama suka fara yi masa jaje, sai ya buga ƙirji.

"Su rushe mana! Bankin nan yana ƙarƙashin gadona a cikin akwatuna, daga tushe har rufi. Ni na san shi tun yana da haƙori."

Baki shi ke yanka wuya. Maganar ta yi ta yawo har ta kai kunnen attajirin, ya aiko mota. Mutum ne matashi, mai tumbi da waya biyu, kuma don Allah yana da ladabi.

"Baba, an ce tsohon ginin yana hannunka," ya ce. "Ina son hotonsa babba, duka, daga ƙasa har sama, a bangon zauren shiga, don yara su san abin da ke nan da. A ƙasansa kuma za a sa sunanka, a kan tagulla."

"Ranka ya daɗe, sunana?"

"Sunanka cikakke, Baba. Duk wanda ya shigo sai ya karanta."

Mai Hoto bai ji sauran bayanin ba. Kafin ya iso gida ya biya ta wurin tela, ya biya ta bencin mai shayi, ya kuma bi ta gaban shagunan masu labule a hankali, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da fara'ar da ba su saba gani ba. Dattijo mai jikoki ya shigo tsakar gida yana taka rawa. Yaya ta aiko a kira ni in taya su zaɓen hoto, wai ni ce mai ido.

Muka jawo akwatuna, muka zazzage a falo. Ban taɓa ganin haɓa da yawa haka ba. Haɓar maza, haɓar mata, haɓar angwaye da ta 'yan makaranta, duk sun nufi sama. Kwat ɗin nan guda ta bayyana a jikin rabin mazan ƙasar. Ga ginshiƙi a bayan kunne, ga mariƙin ƙofa a ƙarƙashin hammata, ga rabin taga a saman hula. Muka wuni, muka kwana biyu, muka ɗaga fim a hasken taga har idona ya fara ruwa. Babu hoto ko ɗaya da ya wuce kan ginshiƙan.

"Yana nan," in ji Mai Hoto, yana tona akwatin da muka riga muka tona. "Ai ba zai yiwu ba."

"To bar akwatin," na ce. "Faɗa mini da baki. Me ke saman ginshiƙan?"

"Rufi mana."

"Wane iri?"

"Irin na banki."

"Mai Hoto! Sama da shekara hamsin kana ce wa bayin Allah su ɗaga haɓa, kai ba ka taɓa ɗaga taka ba?"

"Mai hoto mutum yake kallo, ba tsuntsu ba," ya ce a fusace. "Ke da kika yi boko, kika yi ta shiga da fita, faɗa mana."

Na buɗe baki da ƙarfina, sai na ji wayam. Na rufe ido na lalubo, babu abin da ya zo sai matar sabulu da haƙoranta. Yaya ta ce ita dai tana jin kamar akwai wani abu mai tsini, amma kada a kama ta da rantsuwa.

Muka bazama nema. A ofishin hukumar gari aka ce akwai zanen ginin, aka buɗe kabad, aka tarar gara ta riga mu. Manajan sabon bankin kuwa yaro ne, matar sabulu ta kusa girme shi. Hotunan waya kuwa ga su nan birjik, kowanne da allon talla. Har direban katafilar muka samu, ya ce shi ba kallo aka ɗauke shi yi ba.

Da muka dawo na ce masa, "Je ka gaya wa mutumin nan gaskiya. Ka ce ƙasan kake da shi, saman ya fi ƙarfinka."

Ya zauna a falo cikin tarin hotunansa. A ranar tausayinsa ya kama ni sosai, har na yi da-na-sanin tsiwata. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga darajar wasu, an zo za a ɗaga tasa sau ɗaya tak, sai rufi ya hana.

"Na riga na gaya wa masu labule," ya ce a hankali. Can sai ya miƙe, ya gyara hula. "Gyara zan yi."

Ya shimfiɗa ƙaton kwali a kan teburin cin abinci, gidan ya koma cin abinci a tsaye. Ƙasan ginin bai ba shi wuya ba, sai dai cin lokaci. Ya yanko guntun ginshiƙi daga bayan kunnen wannan, ya haɗa da na bayan kafaɗar wancan, ya liƙa da gam, ya bi gaɓar da fensir. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da mutane suka tare masa aiki. Ina jinsa yana yi wa wani ango tsawa a cikin hoto: "Kai ma da ka ɗan matsa!" Ƙasan teburin ya cika da manajojin da aka yanke. Sannu a hankali matattakala ta fito, ginshiƙai suka miƙe, ƙofa ta tsaya da mariƙinta. Wallahi da na gani, shi ne sak. Daga kan ginshiƙan zuwa sama kuwa farin kwali ne fetal.

Sai ya kira shaidu, abokan zamansa na bakin banki. Mai jarida ya zo, da mai wankin takalmi, da tsohon maigadi wanda jikarsa ta riƙo wa hannu. Yaya ta kawo shayi.

"Agogo ne," in ji mai jarida. "Ƙato, zagayayye. Da shi nake sanin lokacin tashi."

"Wane agogo?" in ji mai wankin takalmi. "Zakuna ne guda biyu, ɗaya nan ɗaya can, sun buɗe baki."

"Kai da idonka bai taɓa wuce gwiwar mutum ba, ina ka ga zaki?"

"A jikin takalmi nake gani in na goge! Ka san irin ƙyallin da nake fitarwa?"

Tsohon maigadi ya buga sandarsa a ƙasa. "Yara, ku yi mini shiru. Ƙubba ce. Ni na kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru."

"Ai shi ya sa ba ka gan ta ba, Baba," in ji mai jarida. "Barci kake."

Sai da Yaya ta janye butar shayin daga tsakaninsu. Ni na zaci a nan Mai Hoto zai gane babu mafita. Na manta da wanda nake magana. Mutumin da bai taɓa sallamar mai ciniki da ɓacin rai ba, yaya za a yi ya ƙaryata abokansa uku a cikin falonsa? Ya ce wa mai jarida agogonsa na nan, ya ce wa mai takalmi zakunansa na nan, ya ce wa maigadi ai ƙubba ba ta ɓuya. Kowa ya tafi yana sa masa albarka. Ni ma da na ga ana rabo, na ce ina jin kamar akwai 'yan tagogi zagayayyu a jere. Ya ce an gama.

Agogon bangon falonsu aka fara saukewa, ya ɗauke shi hoto, ya yanka, ya liƙa. Zakuna suka so ba shi wahala, sai Allah Ya kawo kyanwar maƙwabta tana hamma a kan katanga. Ya ɗauke ta, ya wanke biyu, ya juya ɗaya, ya zauna da fensir ya yi musu geza da ƙirji. Ƙubba kuwa, Yaya ta nemi murfin babban kwanonta na baƙi sama da ƙasa, ta same shi a kan kujera a tsakar gida, mijinta yana kwance a ƙasa yana saita shi da sararin sama. Ɗan mariƙin murfin shi ya zama abu mai tsinin da ta ce tana tunawa, saboda haka ba ta da bakin ƙorafi. Da ya gama haɗawa ya sake ɗaukar kwalin gaba ɗaya, ya ɗan sassauta saitin don gaɓoɓin su narke, ya wanke, ya jiƙa shi a ruwan shayi ya tsufa.

Ranar buɗe gini na zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, don in abin kunya ya tashi in riga kowa fita. Zauren ya cika: manyan gari, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikatan banki, har da masu labule a sahun baya sun harɗe hannu. Mai Hoto yana gaba cikin sabon ɗinki, gumi yana bin wuyansa. Attajirin ya yi jawabi, ya ja zare, ƙyallen ya faɗi.

Hoton ya ci rabin bango. Ga banki nan ya yi tsaye da ƙubba da agogo da zakuna da tagogina. Na laluba jakata na riƙe.

Sai wani tsohon akawu, wanda ya yi aiki a bankin tun yana saurayi, ya taso yana dogara sanda, ya matsa kusa, ya cire tabarau ya mayar.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne! Allahu akbar, ga agogonmu!"

Shi ke nan, kamar an ɓalle dam. Wani ya ce har yanzu yana jin bugun agogon a kunnensa. Wata dattijuwa ta ce ɗanta na fari ba ya yarda a bi ta gaban zakunan nan sai an rufe masa ido. Wani ya ce ƙanen kakansa ne ya yi wa ƙubbar fenti, ya faɗo ya karye. Mai takalmi yana ta zagaya mai jarida yana cewa, "Me na gaya maka?" Mai jarida yana mayar masa da irinta. Attajirin ya ce lallai sai an yi ƙaramar ƙubba irin wannan a ɗakin maigadin sabon gini. Yaya ta mintsine ni har sai da na yi ƙara.

"Murfina ne fa," ta raɗa mini. "Dubi inda ya lotsa ranar da ya faɗi."

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan har yau ban ga ƙarshensa ba. Masu labule suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ba shi hannu. Shi kuwa idonsa yana kan tagullar da ke ƙasan hoton. Ya sunkuya ya karanta sunansa, ya bi haruffan da yatsa, ya goge wurin da hannun sabuwar rigarsa. Na yi niyyar tsokanarsa, na ga idonsa ya cika, na haɗiye. Na taya shi murna har cikin raina, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Attajirin ya sa aka ajiye masa kujera a gefen hoton, ya zo duk lokacin da ya so. Malamai suka fara kawo 'yan makaranta, shi kuma yana ba su tarihi. Da farko da ɗoki yake zuwa, har yana ƙara wa zakunan labari. Bayan 'yan watanni Yaya ta ce mini ya rage magana, yana dawowa ya kwanta da wuri. Na ce tsufa ne, ta ce a'a, ta san tsufansa.

Na je sayen zare a sabon ginin wata rana da la'asar, na same shi a kujerarsa, ya juya wa hoton baya.

"Mai Hoto, yau kuma fushi kake da kyanwar?" na ce.

Bai yi dariya ba. "Malama, zauna. Rufe idonki."

"A tsakiyar kasuwa? Ka ga na yi kama da mai son a sace mata jaka?"

"Don Allah rufe. Tuna banki. Me kika gani?"

Na rufe. Ga matattakala, ga ginshiƙai. Na ɗaga kai a zuciyata, sai ga ƙubba, ga agogo, ga zakuna sun buɗe baki. Na yi ƙoƙarin ture su, suka ƙi. Ko matar sabulu ban samu ba.

"Murfin Yaya na gani," na ce.

"Ni ma." Ya jinjina kai. "Kin san abin da na tuna kwanan baya? Inuwarsa. Ban taɓa kallon rufin ba, gaskiya ne, amma kafin a kafa allon nan kullum da yamma inuwarsa tana saukowa ta matattakala, ta wuce ni, ta kwanta a kan titi. Da ita nake auna haske. Na san siffarta kamar tafin hannuna, Malama. Da na zauna na yi shiru tun farko, maimakon in kira shaidu, da na zana ta, da mun san yadda rufin yake."

"To zana ta yanzu mana."

"Na gwada. Kullum sai na gwada." Ya buɗe tafin hannunsa ya kalla. "Yanzu inuwar ma da ƙubba take zuwa."

Na juya na kalli hoton.

"Bankin da ke bakin titi katafila ce ta rushe shi," ya ce. "Wanda ya rage a kawunan mutane kuwa ni na rushe shi. Ga sunana nan a ƙasa, kowa ya karanta."

Wata budurwa ta matso da ƙawarta, waya a hannu. "Baba, don Allah ɗan matsa, za mu ɗauki hoto da tsohon banki."

Ya miƙe a hankali, ya ja kujerarsa gefe.